Kafin ka sayi motar lantarki, dubi bakinta ka dubi kontarka

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wani kira ne da na samu kwanakin baya a shirina na safe a rediyo. Wani alhaji mai sayar da kayan masarufi ne ya bugo, da jin muryarsa ka san ransa a ɓace yake. Ya ce ɗan ƙanensa da ke yi masa odar kaya daga Gwanju ta ƙasar Sin ya sayo masa mota mai aiki da lantarki, wadda ba ta shan mai ko ɗigo. An biya jirgin ruwa, an biya duwan, an biya babbar motar da ta goyo ta har ƙofar gida. Shi kuma da yake mutum ne mai shiri, tun motar na bisa ruwa ya ba wani abokinsa mai zuwa Dubai saƙon akwatin sharji, irin wanda ake kafawa a bango, ya ce a zaɓo masa babba, kuɗi ba matsala ba ne. Aka kawo, aka kafa a garejin gida.

Ranar da motar ta iso, maƙwabta suka taru kallo, aka ja wayar akwatin za a cusa a jikin mota, kan ya ƙi shiga. Ramuka bakwai ne a kan wayar, ramuka bakwai ne a jikin motar, siffar ma kusan ɗaya, amma rami ne ya tarar da rami, babu mai shiga cikin wani. Motar ta cinye ɗan abin da ta zo da shi a batir, ta tsaya ƙarƙashin rumfa, yara na leƙenta ta gilashi. Tambayar da alhajin ya yi mini ita ce: "Malam, yanzu wa zan kama?"

Na ce masa, Alhaji ka yi haƙuri, babu wanda za ka kama. Ɗan ƙanenka motar kirki ya sayo, abokinka ma akwatin kirki ya sayo. Abin da ya faru cinikin biri a sama aka yi, an sayi abu biyu da za su zauna tare ba tare da an tambaya ko sun dace da juna ba.

Ra'ayina a kan wannan batu shi ne, abin sharjin mota, wanda mu nan muke ce wa sharja, ƴan uwanmu na Najeriya su ce caja, ba kayan da ake saye da ido ba ne, kuma girmansa ko tsadarsa ba su ne alamar kyansa ba. Sai abu uku sun yi daidai kafin ya amfane ka: bakin da ke jikin motar, ƙarfin da motar ke iya karɓa, da ƙarfin kontar gidanka. Duk tambayoyin nan kuwa ana yin su ne tun kuɗi na aljihu.

Na san wata uwata a kasuwar Dole ta Damagaram, ko a babbar kasuwar Maraɗi, za ta ce: "Kai ɗan nan, mu da muke neman na cefane, ina ruwanmu da motar masu kuɗi? Ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a gida?" Iya, maganarki na kan hanya, amma ki ba ni aron kunne. Ba mu manta da watan Mayun 2023 ba, sa'ad da Najeriya ta janye tallafin mai, ruwa-ruwan da muka saba saye a bakin titi ya yi tsalle. Ba mu manta da layukan gidajen mai na watan Maris na 2025 ba, duk da muna da matatarmu ta SORAZ a Damagaram tun 2011. Duk ranar da mai ya yi wuya, kuɗin adaidaita da na kabu-kabu ke fara tashi, kuma a kanki yake ƙarewa. Shi ya sa idon mutane ya fara komawa kan abin hawa na lantarki. A ƙasar Sin, inda ƴan kasuwarmu ke saro kaya, kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a 2024 irin waɗanda ake jona wa wuta ne. Ƙasar Habasha kuwa a farkon 2024 ta hana shigo da motocin da ke shan mai. Mun kuma san abin da Turai ta hau yau, bayan shekara goma shi ne za a sauke mana a matsayin na hannu. Kayan nan ta hannunku ƴan kasuwa za su shigo, kuma kontar da za a jona su ita ce wadda kwanjilatar ƙanƙararki da zoɓonki ke kai.

To, mu fara da bakin mota. Duniya ba ta haɗu a kan baki ɗaya ba, kamar yadda wayoyin salula suka daɗe kowace da irin kan sharjarta. Ga masu sharji a gida, baki huɗu ne ya kamata a sani. Na farko shi ne wanda ake kira Type 1, zagayayye mai ƙafa biyar, shi ne a jikin yawancin motocin da aka ƙera don Amurka da Japan. Na biyu Type 2, mai ƙafa bakwai, samansa a shafe, asalinsa daga Jamus, kuma Tarayyar Turai ta tsayar da shi a dokarta ta 2014. Na uku shi ne GB/T na ƙasar Sin, shi ma bakwai ne, ga ido kamar Type 2, amma inda wancan ke da ƙusa shi rami gare shi. Wannan kamar ce ta yaudari alhajinmu, domin motarsa an yi ta ne don kasuwar cikin gida ta Sin, akwatin kuma na Type 2 ne. Na huɗu shi ne ɗan siririn bakin da kamfanin Tesla ke sa wa motocinsa na Amurka, wanda tun 2023 wasu kamfanonin can irin su Ford suka ce su ma za su koma kansa.

A nan akwai tarkon da nake so dillalai da masu oda su lura da shi. Sunan mota ba ya gaya maka bakinta, ƙasar da aka ƙera ta dominta ita ke gaya maka. Tesla ta Amurka daban, ta Turai Type 2 gare ta, ta kasuwar Sin kuma GB/T. BYD da aka yi don ƴan Sin GB/T ce, wadda aka yi don Turai Type 2 ce. Nissan Leaf, wadda ta fara fitowa a 2010, tsofaffinta Type 1 ne ko da daga Faransa ko Beljiyam aka ɗauko su, sai daga ƙirar 2018 na Turai suka koma Type 2. Saboda haka kada wani ya ce maka "ai irin ta wane ce" ka yarda. Ka ce a buɗe murfin, a ɗauko maka hoton bakin a turo ta WhatsApp. In ka ga baki biyu, ko ka ga wasu manyan ramuka biyu a ƙasan bakin, waɗannan na sharjin gaggawa ne da ake yi a manyan tashoshi, ba ruwan gidanka da su. Ƙaramin shi ne naka.

Abu na biyu shi ne cikin motar, kuma nan ne mutane da yawa ke zubar da kuɗi a banza. Akwatin da ake kafawa a bango, duk da muna ce masa sharja, ba shi ne ainihin mai sharjin ba. Ainihin sharjar tana cikin motar, ita ke juya wutar gida ta koma irin wadda batir ke sha. Aikin akwatin shi ne ya gaya wa motar iyakar wutar da ke akwai, ya buɗe in komai lafiya, ya rufe in ya ji matsala. Ke da kike cika jarka da mazurari kin san ko da tiyon tanka aka kawo, abin da wuyan mazurarin ya bari shi ke shiga. Tsohuwar Leaf da yawa kilowat 3.3 kawai take karɓa, wasu 6.6. Motoci da yawa suna tsayawa a kilowat 7 ko 11. Renault Zoe na cikin ƴan kaɗan da ke karɓar 22. In motarka mai karɓar 3.3 ce ka sayo akwatin 22, to 3.3 ɗin za ta sha, sauran kuɗin ka yi kyautarsa ga mai kanti. Wannan adadi yana rubuce a littafin motar, a tambaya kafin a biya.

Abu na uku, wanda a ganina ya fi sauran nauyi a ƙasarmu, shi ne kontar gida. Ku ɗauko faktir ɗin NIGELEC ku duba, akwai inda aka rubuta ƙarfin da aka yi wa gidan rajista da shi. Gidaje da yawa kilowat 3 ne ko 6, a kan kontar mai waya biyu. Ga lissafin a sauƙaƙe. Wayar tafi-da-gidanka da ke zuwa tare da mota, wadda ake cusawa a firiz ɗin bango, tana jan ampa 10, wato kamar kilowat 2.3. Akwati mai ampa 16 yana jan 3.7, mai ampa 32 yana jan 7.4. Masu kilowat 11 da 22 kuwa sai kontar mai waya huɗu, irin ta masu injin niƙa da masu walda. Ke nan wanda ke da kontar kilowat 6 in ya kafa akwatin 7.4, motar kaɗai ta fi ƙarfin gidan baki ɗaya, tun ba a kunna kilim ko dutsen guga ba. Da an jona sai dijonktar ya faɗi. In kuwa cikin dare ya faɗi kowa na barci, da safe mota ba ta cika ba, ƙanƙarar uwargida ta zama ruwa, kifin da ta saro ya fara wari, jarin mako guda ya tafi. Don haka nake cewa wannan shawara ba ta maigida ba ce shi kaɗai. Hajiya, kafin a kafa komai, ki ce a zauna a ƙirga kayan wutar gidan, har da naki na sana'a.

Wani zai ce, to ai ƙaramin akwati jinkiri gare shi. Haka ne, in batir mai kilowat-awa 50 ya ƙare ƙaf, firiz ɗin bango zai ɗauki fiye da awa 20 kafin ya cika shi, akwatin 7.4 kuma kamar awa 7. Sai dai mu tambayi kanmu, wa ke ƙarar da batir kullum? Ɗan kasuwar da ke zuwa kanti, ya leƙa sito, ya ɗauko yara daga lakkol, ya je gaisuwa, da wuya ya wuce kilomita 40 a yini. Irin waɗannan motoci suna cin kilowat-awa 15 zuwa 20 a kilomita 100, wato abin da ya ci a yinin bai wuce 6 zuwa 8 ba. Akwatin 3.7 zai mayar masa da wannan cikin awa biyu da ɗan motsi, firiz ɗin bango cikin awa uku zuwa huɗu. Daga sallar isha zuwa asuba akwai wannan lokaci har da rara, ko da an ɗauke wuta a tsakani.

Shi ya sa shawarata ga mafi yawanmu ita ce a nemi akwati mai waya biyu wanda ake iya rage masa ƙarfi da ƙara masa, daga ampa 6 ko 8 har zuwa 16 ko 32. Lokacin bazara, kilim da fanka na aiki, a sauke shi ƙasa. Lokacin ɗari, gida ba ya jan wuta sosai, a ɗaga. Akwai ma waɗanda ake ɗaura wa ɗan ma'auni kusa da kontar, su riƙa rage wa motar da kansu in gida ya ja wuta da yawa. Wanda sana'arsa ta tafiya ce, yana yin kilomita 150 ko fiye kullum, shi ne ke buƙatar babba, shi ma sai ya fara zuwa ofishin wuta ya nemi a ƙara masa ƙarfin kontar, ya ji nawa ne, kafin ya yi oda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A kuma sa kuɗin wutar cikin lissafi. Kilowat-awa 8 kullum ya zama 240 a wata, bisa abin da gidan ya saba ci, kuma farashin wuta hawa-hawa ne, in ka ci da yawa sai ka haura mataki mai tsada. Duk da haka riba na nan. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, a farashin sefa 499 da aka tsayar a watan Yulin 2024, ta ci kusan jaka huɗu. Ta lantarki mai cin kilowat-awa 18, ko da mun ƙaddara kowane ɗaya sefa 130 ne, jaka biyu ce da ƴan kai. Amma kontar ƙonanniya ɗaya, ko batir ɗaya da ya lalace, ya isa ya haɗiye ribar shekaru.

Yanzu sai maganar kafawa, kuma a nan ina roƙonku da girman Allah kada a yi araha. Dutsen guga yana jan wuta da yawa, amma na ɗan lokaci ne. Mota kuwa awa huɗu, awa bakwai take ja ba hutawa. Firiz ɗin da ya saki, ko siririyar waya, ko ralonjin nan na jaka ɗaya da ake yawo da shi a baro, a hankali suke ɗaukar zafi har roba ta narke, kuma mun sha ganin abin da gobarar dare ke yi wa gidaje da rumfunan kasuwa. Akwatin sharji yana buƙatar layinsa shi kaɗai tun daga allon wutar gida. Wayar ta zama jan ƙarfe na gaske, mai kaurin 2.5 aƙalla in ampa 16 ne, 6 zuwa 10 in ampa 32 ne, gwargwadon nisan wurin. A sa masa dijonktar nasa, da abin nan mai jin yoyon wuta na miliampa 30, wanda ke yankewa kafin wuta ta kama mutum. Garejin gidajenmu nan ne ake wanki, nan yara ke wasa ba takalmi.

Sai wayar ƙasa, wato sandar jan ƙarfen da ake kafawa cikin ƙasa a haɗa da wutar gida. Gidajenmu da yawa ba su da ita sam, waɗanda ke da ita kuma yashi busasshe ba ya barinta ta yi aiki sosai. Akwatin kirki in bai ji ta ba ƙin aiki yake yi, kuma an san Renault Zoe da wannan tsanani, in wayar ƙasa ba ta yi kyau ba ba ta karɓar wuta. Wannan ƙin kariya ce gare ka. In mai gyaran wuta ya ce bari ya yi maka dabara ya rufe bakin abin, sallame shi ka nemi wani. A auna da na'ura, a lokacin rani sa'ad da ƙasa ta bushe, adadin ya kasance ƙasa da 100. In bai kai ba a ƙara sanda, a zurfafa.

Masu ɗauko mota daga Amurka, ga naku gargaɗin. Wutar firiz ɗin gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 220. Wasu wayoyin sharjin da ke zuwa a but ɗin motocin can an yi su ne don 120 kawai, in ka canza musu kai ka cusa a bangonmu sun ƙone nan take. Haka wasu na Japan, inda wutar gida take 100. A juya bayan abin a karanta, in ba a ga 220, 230 ko 240 a rubuce ba, a ajiye shi. Motar kanta tana karɓar wutarmu, wayar ce matsalar.

Kada mu manta kuma yawancin kayan nan ba don yanayinmu aka ƙera su ba. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura 45 a Tawa da Yamai. Akwatin da rana ke duka yana rage ƙarfinsa da kansa, ko ya tsaya. A kafa shi a inuwa, a bangon da rana ba ta kallo, a yi sharji da dare, batir ma ya fi son haka. Ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, don haka a duba lambar da ke bayan haruffan IP a jikin kwalin, kada ta gaza 54, in an samu 65 ya fi. Da damina akwai tsawa, a sa abin kariyar tsawa a allon wuta. Ga kuma ɗaukewar wuta, wadda muka ɗanɗana sosai daga watan Agustan 2023 sa'ad da Najeriya ta yanke layin da ke kawo mana mafi yawan wutarmu, har zuwa farkon 2024. Tashar hasken rana ta Goru Banda mai megawat 30 da ta fara aiki a 2023 ta rage zafi a Yamai, amma kowa ya san wuta takan tafi, takan kuma dawo da ƙarfi ko da rauni. A zaɓi akwatin da ke yanke kansa in wuta ta yi yawa ko ta yi kaɗan, wanda kuma ke ci gaba da kansa in ta dawo ba sai an tashi an danna ba. A guji wanda ba ya tashi sai da intanet, ko sai da manhajar waya mai rubutun Sinanci da ke neman lambar wayar can. Maɓalli ko kati ya ishe mu.

Akwai masu cewa duk wannan dogon bayani ne, ai akwai ɗan abin haɗi da ake sawa tsakanin kai da baki, shi ke nan. Gaskiya ne akwai, daga Type 2 zuwa GB/T, daga Type 2 zuwa Type 1, kuma na kirki yana fid da mutum kunya, shi ne ma abin da na ce alhajinmu ya nema kafin ya samu wayar da ta dace. Amma kowane haɗi da aka ƙara wuri ne da zafi ke taruwa, ƙura ke shiga. Abin haɗi na ranar tafiya ne ko ranar larura. Wanda za ka yi amfani da shi kowane dare shekara da shekaru, gara ya zama kan da aka yi don motarka. Dabara mai kyau ita ce a sayi akwati mai rami a jikinsa, wanda wayarsa ke cirewa. Ranar da ka sayar da motar ka sayi mai wani baki, waya kawai za ka canza, akwatin na nan.

Wasu kuma na cewa za su jona a gurup ko a sola. Ƙaramin gurup ɗin kanti ba ya ɗauka, kuma ƙona mai don a cika motar da aka saya don gudun mai, wannan an yi ba a yi ba ke nan. Sola kuwa hanya ce mai kyau a ƙasa mai rana irin tamu, amma fanon da ke kunna ƙwai huɗu da talabijin ba shi ne zai cika mota ba. Ana maganar fano na kilowat 3 ko fiye, da na'urar juya wuta mai ƙarfin haka, kuma motar ta kasance a gida da rana. Nan ma akwati mai rage ƙarfi shi ke da amfani.

Ga masu babur da adaidaita na lantarki, waɗanda na tabbata za su fi motoci yawa a titunanmu, naku ya ɗan bambanta. Yawancinsu sharjarsu a waje take, kuma kowace an yi ta ne don batir ɗinta: akwai na bolt 48, na 60, na 72, akwai batir na dalma, akwai na litiyam. Kai ya shiga rami ba ya nufin sun dace. Aron sharjar maƙwabci, ko sayen wadda aka tarar a Katako don ta fi araha, shi ke kumbura batir, wani lokaci ya kama da wuta. A karanta lambar da ke jikin batir, a sayi mai irin lambar da irin batir ɗin. Kada a yi sharji a ɗakin kwana, ko a zaure inda in wuta ta tashi ta tare hanyar fita, ko cikin rumfa a kulle kusa da atamfa da katifu.

Daga ƙarshe ina da kira biyu. Na farko ga ƴan kasuwar da ke shigo da waɗannan kaya. Ku rubuta wa mai saye irin bakin motar da ƙarfin da take karɓa a jikin takardar ciniki, ku haɗa masa da wayar da ta dace, ku gwada a gabansa kafin ya biya. Kamfanonin Sin suna ƙera motoci masu Type 2 don kasuwannin waje, in kun nema a oda za a ba ku. Wanda ya sayar wa mutum motar da ba ta shan wutar gidansa, ya ci riba sau ɗaya ya rasa abokin ciniki da danginsa duka.

Na biyu ga hukuma. Tun motocin ba su yi yawa ba ya kamata ARSE, mai sa ido kan harkar makamashi, tare da duwan da NIGELEC, su zauna su tsayar wa ƙasa baki ɗaya, kamar yadda Turai ta yi, kamar yadda Sin ta yi. A tawa fahimta Type 2 ya fi dacewa da mu, domin wutarmu irin ta Turai ce, 220 a waya biyu, 380 a waya huɗu, kuma shi ke ɗaukar duka biyun. In aka bari kowa ya shigo da abin da ya ga dama, ranar da za a gina wuraren sharji a hanyar Maraɗi zuwa Yamai, mai fiye da kilomita 650, sai an rataya kai uku ko huɗu a kowane wuri, kuma mu ne za mu biya. Makarantun sana'a irin su lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi su fara koya wa yaranmu kafa waɗannan akwatuna da auna wayar ƙasa, don aikin ya zama namu.

Kafin hukuma ta motsa, kai mai shirin saye ka riƙe tambayoyinka: wane baki ne a jikinta, kilowat nawa take karɓa, kilowat nawa ne kontar gidana, me ya rage in an cire na kilim da kwanjilatar, kuma akwai wayar ƙasa ko babu. Wanda ya kasa ba ka amsar biyun farko, kada ka miƙa masa ko dala. Sauran ukun kuwa amsarsu na cikin gidanka, kai da uwargida da mai gyaran wuta na kirki za ku samo ta cikin yini ɗaya.

Alhajinmu dai ya sake bugowa a makon jiya, ya ce waya ta iso, mota ta tashi, amma sai da ya sa aka sauke akwatin zuwa ampa 16, domin daren farko dijonktar ya faɗi sau biyu, Hajiya kuma ta ce in aka sake narkar mata da ƙanƙara shi zai biya.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu da gobara da asara. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.